Ruwan Kanwa a Ƙafar Gada

Litinin, 6 ga Mayu

Nasser ya faɗo min da sassafe, ko gaisuwar kirki babu, ya fizge min waya. Wai wani gidan rediyo ya buɗe gasa, mutanen Lomé su zaɓi gadar da suka fi so. Gada fa! Na ce masa lallai duniya ta rasa aikin yi. Ya ce, "Yaya Rahi, ke dai kawo, lamba ɗaya ƙuri'a ɗaya." Ya danna abin da zai danna, ya ci wake da shinkafata a tsaye, ya wuce. Ƙanina ne amma wani lokaci ji nake kamar in kwaɗa masa ludayi.

Gadar da ta ci za a yi mata fenti, a sa mata fitilu, masu talabijin su zo. Tamu ta masu tafiya a ƙafa ce, ta ƙarfe, wadda yara ke ce wa paserel. Ita ce ta ratsa saman titin manyan motoci. Shekara tara ke nan tukunyata na ƙarƙashinta, jikin ƙafarta ta gabas, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina ko ina son ta ba. Tana ba ni inuwa, shi ke nan.

Laraba, 8 ga Mayu

Assana ta ce ita kam ta zaɓa sau uku, da wayarta da ta ɗanta da ta marigayi mijinta da har yanzu take sa wa caji. Mun yi dariya har koko ya kusa ƙone mata. Ita tana ɗaya gefen ƙafar gadar da koko da ƙosai, ni ina wannan gefen, bayanmu na kusan haɗuwa. Yara huɗu take ciyarwa daga wannan ɗan wurin.

Juma'a, 10 ga Mayu

Bayan an sauko daga masallaci samari suka tsaya a bakin ƙofa, kowane tsoho ya fito sai a ce Baba kawo waya. Wasu sun ɗauka sadaka ake nema. 'Yan canjin kuɗi na Kodjoviakopé, can bakin iyakar Gana, sun zo da layukan Gana cike da aljihu, aka ce musu ba sa shiga, ransu ya ɓaci. Mu ne na huɗu. Gadar tabkin Bè ce a gaba.

Nasser ya ce wani abu da ya tsaya min a rai. Ya ce, "Sau ɗaya dai a ambaci unguwarmu Zongo a rediyo ba don ruwa ya ci gidajenmu ba." Gaskiya ya faɗa.

Asabar, 11 ga Mayu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An yi ruwa da iska wajen hantsi. Akwai tsohon kwanon rufi da na jingina a ƙafar gadar tun farkon zuwana, yana kare min wuta daga iska. Ban taɓa ɗaga shi ba. Yau iska ta kayar da shi. Na sunkuya in mayar, sai na ga ƙarfen da ke bayansa. Daga ƙasa zuwa kamar gwiwata ya zama ja, ya kumbura, yana ɓarewa falle-falle kamar ƙanzo. Na sa bayan cokali na ɗan danna. Cokalin ya shige. Ya shige, wallahi, har na ji shi yana yawo a ciki.

Na mayar da kwanon da sauri kamar wadda ta yi sata. Wani ɗan zemijan, wato ɗan acaba, yana ta ce min Tanti ƙara yaji, ban san me na zuba masa ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ban fita ba. Na ce wa 'yata Najwa kaina ke ciwo.

Talata, 14 ga Mayu

Na san abin da ya ci ƙarfen, kuma shi ya fi damuna. Mu ne. Kullum in na tsane wake, ruwan kanwa da gishiri a gindin ƙafar nan nake zubarwa. Haka Inna ta koya min: ruwan girki a wuri ɗaya ake zubar da shi, a lungu, kada mai wucewa ya zame. Tokar murhu ma can nake tarawa. Assana ita ma ruwan tsamin kokonta ta ɗaya gefen. Shekara tara, safe da rana. Ina ganin tsafta nake yi.

Na ja Assana gefe na ɗaga mata kwanon kaɗan. Ta leƙa, sannan ta sa ƙafa ta mayar da shi. "Rufe, Rahi. Kina so a kore mu?" Na ce mutane fa ke bi ta sama. Ta ce tun yaushe suke bi, wa ya faɗo? Ta ce in na buɗe baki ba za a ce tsatsa ba, za a ce matan ƙarƙashin gada sun ci gada, kuma wannan karon sun sami hujjar da suka daɗe suna nema. Ta koma kan ƙosanta. Har muka tashi ba ta sake kallona ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Da ban sani ba da na huta. Yanzu kowace tirela ta wuce sai na ji gadar ta girgiza a cikin haƙorana. Da ma haka take yi? Ko ni ce? Garin tsatsa na zubowa kan murfin tukunya, ina sharewa da gefen zani kafin wani ya gani.

Najwa sau huɗu take hawa a rana, lekol, wato boko, da safe, Islamiyya da yamma, duk a tsallake suke. Shekararta tara, ita da zamana a wurin nan sa'o'i ne. Na ce mata ta riƙa wucewa da sauri ta gefen gabas, kuma kada ta tsaya leƙen motoci. Ta ce don me? Na daka mata tsawa ba gaira ba dalili. Ba zan iya ce mata ta bi ta kwalta ba, can kam mutuwa ce a fili.

Duk sanda ta hau ina bin tafin takalminta da ido ta tsakanin ƙarafa har ta sauka. Na ƙona shinkafa yau.

Juma'a, 17 ga Mayu

Mun shiga ukun farko. Unguwa ta rikice, 'yan zemijan na ta hon kamar an ci ƙwallo.

Sai ga abin da na fi tsoro. Mutanen rediyo za su ziyarci gadoji ukun, kowace unguwa ta nuna yadda take son tata, kafin a rufe zaɓe. Mu Asabar ta sama ne, 25 ga wata. Dattawa sun zauna da su Nasser sun yanke shawara: za a cika gadar da 'yan Islamiyya, kusan ɗari uku, duk cikin fararen kaya, daga wannan matakala zuwa waccan, da masu ganga. In an ba da alama su daka tsalle tare su ce Zongo! Mu matan ƙasa kuma mu yi wa ƙafafun gadar ado da atamfa.

Najwa ta shigo tana rawa. Malam Abdulwahidu, malaminsu na Islamiyya, ya zaɓe ta cikin masu riƙe tuta a gaba, ta gefen gabas. Wato daidai saman kaina. Na ce mata barka. Bakina ya faɗa, ban san yadda aka yi ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na kira Iddi mai walda da sunan ƙafar teburina ta karye. Da ya durƙusa sai na ja kwanon. Ya yi fito a hankali. Ya ƙwanƙwasa sama, ya ƙwanƙwasa ƙasa, ƙarar ba iri ɗaya ba ce, ni ma da ban san ƙarfe ba na ji.

Na ce zai iya liƙa wani ƙarfe a kai? Ya ce a jikin me zai liƙa, tsatsa ba ta kama wuta. Na ce mutum ɗari uku fa, da tsalle? Ya daɗe yana kallon sama. "Hajiya, mutum goma, ashirin, tana ɗauka, kin gani da idonki. Ɗari uku ban sani ba. Ni dai ɗana ba zai hau ba." Da zai tafi ya ce don Allah kada sunansa ya fito, shagonsa ma a bakin titi yake ba bisa ƙa'ida ba. Bai zo ba, bai gani ba.

Kowa bai gani ba. Ni kaɗai Allah ya ɗora wa ido.

Litinin, 20 ga Mayu

Na faɗa wa Nasser. Na same shi a rumfarsa ta gyaran waya, yana ta lissafin ƙuri'u a allo. Da farko dariya ya yi, ya ce da ma ni tun muna yara ko kyankyaso na gani sai na tara mutane. Da na rantse masa sai fuskarsa ta canza. Ya ce kwana biyar ya rage, kwana biyar! Ya ce in mun ci ai masu fenti za su zo, su da kansu za su gani su gyara, ba wanda zai ce laifin wani ne. In kuwa magana ta fita yanzu, an cire mu, kuma duk Lomé za ta ce ga Zongo nan, ko gadarsu sun ruɓar.

"Yaya, ki bari sai bayan Asabar. Na roƙe ki."

Abin haushi, na dawo gida ina jin maganarsa da ɗan ma'ana. Kwana biyar ne. Ta tsaya shekara da shekaru. Sai kuma in tuna cokalin.

Laraba, 22 ga Mayu

Ba ni da hanyar zama a tabarmar dattawa, mace ba ta zuwa can da magana, sai dai ta aika. Baban Najwa da zai kai min direba ne, yana can arewa a hanyar Ouaga da mota, wayarsa ba ta shiga. Don haka na je wurin Inna Mero, matar Malam Abdulwahidu, na durƙusa na yi mata bayani. Amma tsoro ya sa na yi ta kewaye-kewaye. Na ce gadar ta tsufa. Na ce yaran sun yi yawa. Na ce hankalina bai kwanta ba. Ban ce akwai rami ba, don in na ce rami sai a ce me ya kawo shi.

Da la'asar ta aiko a kira ni. Ta ce ta gaya wa Malam, ya ce Allah ya yi min albarka, zuciyar uwa ce. Ya ba da addu'ar da zan riƙa yi. Kuma tunda ina jin tsoro, ya cire Najwa daga masu hawa, ta tsaya a ƙasa kusa da ni.

To. Ga abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba sai takardar nan: da na ji haka wani sanyi ya sauko min tun daga kai har ƙafa. Daɗi na ji. Tawa ta fita. Na yi godiya har sau uku na taso.

Najwa ta ƙi cin abinci. Ta ce na kunyata ta, an ba wa Yasmine tutarta. Yasmine ta Assana.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na ce wa Assana ta cire nata yaran ita ma. Ta ce in ta cire uku a lokaci ɗaya ai an gane. Ta ce Allah ne mai tsarewa. Idonta ya yi ja, ita ma ba ta barcin kirki, na gani. Amma ta ƙi.

Juma'a, 24 ga Mayu

Mata sun je kasuwar Assigamé sun ɗauko atamfa iri ɗaya, kore da ruwan ƙwai. Bayan la'asar muka naɗe ƙafafun gadar. Na ce kowa ya bar min tawa. Ni da hannuna na janye kwanon ta yadda jikina ya kare, na naɗe ramin zagaye uku, na ɗaure tamau. Wata ta ce kai, na Rahi ya fi na kowa kyau.

Na yi alwala zan yi magariba, na tsaya a kan sallaya na rasa da wace fuska. Yara ɗari uku. Na san sunan fiye da rabinsu, na san wanda ba ya son yaji, na san wadda ke roƙon ƙanzo. Ya Allah ka sa a yi ruwa gobe, ruwan da ba wanda zai fita. Ka ɗauke min wannan abu, ni ba mai ƙarfin hali ba ce, ka fi kowa sani.

Asabar, 25 ga Mayu

Ba a yi ruwa ba. Rana fes.

Zan rubuta yadda ya faru tun ban fara gyara shi a raina ba.

Tun ƙarfe tara wurin ya cika. Dattawa a kan kujeru ƙarƙashin rumfa, samari da riguna iri ɗaya, Nasser da lasifika yana ta kai da kawo, ko inda nake bai kalla ba. Motar rediyo ta zo wajen goma, wata mata doguwa ta fito da makirufo, ana jin ta kai tsaye a duk rediyon da ke wurin. Najwa ta sa fararen kayanta duk da haka, ta tsaya a bayana ta haɗe rai.

Yaran sun yi layi biyu-biyu a matakalar gabas. Malam Abdulwahidu ya ɗaga sandarsa, suka fara hawa. Yasmine a gaba da tuta, ta leƙo ta ce min Tanti Rahi kalle ni! Na ɗaga mata hannu. Ina ƙirgawa ba da niyya ba. Ashirin. Arba'in. Masu ganga suka fara, yaran suna taka ƙafa daidai da kiɗan. Ina jingine da ƙafar gadar, sai na ji ta a bayana, tana motsi kaɗan-kaɗan, tana wata ƙara siririya a ciki. Garin tsatsa ya fara zubowa ta ƙarƙashin atamfar zuwa kan ƙafata.

Ban yanke shawarar komai ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Ban yi tunanin jarunta ba. Fitsari ma na ji ya kusa kufce min. Kawai na ga hannuna ya ɗauki wuƙar albasa ya yanke ɗaurin. Atamfar ta zube. Na ɗauki murfin tukunya da ludayi na shiga bugawa kamar mahaukaciya, ina ihu a tsaya, a tsaya! Ganga ta fi ni ƙara. Sai na kutsa cikin maza, ni, har gaban dattawa, ɗankwalina ya faɗi ban tsaya ba, na kama hannun matar rediyo na ce mata da Faransanci ta zo ta gani, gadar ta ruɓe, a sauko da yara. Na manta makirufon a buɗe yake. Muryata na ji tana fitowa daga rediyon mai shayi.

Kiɗa ya mutu. Wani ya ce a riƙe ta, aljanu ne. Nasser ya ce, "Yaya!" da wata murya da ban taɓa ji ba.

Malam Abdulwahidu ne ya taho, a hankali, yadda yake tafiyarsa. Ya dubi ramin. Ya sa sandarsa, ta shige kusan kamu guda. Ya zaro ta ja wur. Ya dube ni ya ce, "Wannan kika aiko a gaya min?" Na ce eh, Baba Malam. Ya ce, "Ba haka ya iso ba." Na ce laifina ne, ban faɗa duka ba. Ya ce me ya ci shi haka? Duk unguwa na tsaye, rediyo na ɗauka. Na ce ruwan girkina ne. Nawa na ce. Ban ambaci kowa ba.

Bai yi ihu ba, kuma shi ya cece mu, don da yaran sun ruɗe da sun tattake juna a matakala. Ya ɗaga kai ya ce masu ganga su fara sauka, sannan 'yan baya su juya, biyu-biyu, kowa ya ja Fatiha da ƙarfi, ba gudu. Suka sauko suna karantawa. Yasmine ce ta ƙarshe, da tutarta, tana tambaya ko an fasa ne. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa sai na zauna daɓas a cikin toka.

Assana ta rungume 'yarta, ta dube ni ta saman kanta. Ban san me ke cikin kallon ba. Ba godiya ba ce dai.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ma'aikatan hanya sun zo sun toshe matakalun biyu da katako da jan ƙyalle. An ce duk mai sana'a a ƙarƙashi ya kwashe kayansa kafin gobe. Mu goma sha ɗaya ne.

An cire gadarmu daga gasar. Ta Bè ta ci. An ambaci Zongo a rediyo kam, har sau nawa.

Talata, 28 ga Mayu

Na kafa tukunya a ƙofar gida. Lungu ne, ba mai wucewa sai awaki. Rabin abincin mu muka ci.

Na gaida mata uku a famfo, ɗaya ce ta amsa, ita ma da hanci. An ce ana kirana mai ludayi. Nasser bai zo ba, ya aiko a karɓi cajarsa da ya bari. Assana tana yawo da ƙosai a tire a ka, mace mai ciwon baya. Na hango ta daga nesa na shige gida, ni da ban yi sata ba.

Abin da ya fi ci min rai: an ce injiniyan da ya duba ya ce wataƙila da ta ɗauke su, wataƙila kuma da ba ta ɗauka ba, ba wanda zai iya rantsuwa. Mutane sun riƙe rabin farko sun yar da na biyu. Ni ma wani lokacin rabin farkon nake ji. Mata goma na raba da abincinsu a kan wataƙila.

Alhamis, 30 ga Mayu

Wayyo Allah. Ban yi tunanin wannan ba ko kaɗan.

Tunda an rufe gada, yara ta kwalta suke tsallakawa. Ta gaban tireloli da tankokin mai da ke gangarowa daga arewa ba birki. Yau na raka Najwa, a gabana wani yaro ɗan aji ɗaya ya saki hannun yayarsa ya ruga. Ƙarar birkin har yanzu tana kunnena. Tayar ta tsaya, tsakaninta da shi bai fi taku ɗaya ba. Direban ya leƙo yana zagi da yaren Mina, yaron ko kuka ya kasa.

Wata mata a gefena ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ga abin da aka jawo mana." An ce gyaran sai bayan damina, in an yi sa'a.

Na sauko da su daga sama na zuba su a gaban mota. In wani abu ya sami ɗan wani a titin nan, ina zan sa kaina?

Asabar, 1 ga Yuni

Baban Najwa ya dawo. Ya ji labarin tun a Cinkassé, can bakin iyakar arewa, wai direbobi na ta yi. Ya saurari nawa, sannan ya ce da na jira shi. Na ce da na jira ka da yanzu wata maganar ake yi. Ban taɓa mayar masa da magana haka ba. Ya dube ni. Da zai fita ya ajiye min rigarsa mai ƙyalli ta direbobi a kan gado, ya ce mai babbar mota daga sama ba ya ganin mutum sai da irin wannan.

Litinin, 3 ga Yuni

Na sa rigar a kan hijabi, na yi kama da buhun albasa. Na je bakin titi ƙarfe bakwai saura kwata da niyyar in tsallakar da Najwa kawai in dawo. Yara shida suka manne mana. Na tsaya, na tsaya, motoci ba su da niyyar ƙarewa. Sai da wani dattijo ya fara shiga na bi bayansa. Da na dawo wasu tara suna jira. Sau biyar na yi. Na koma gida na yi amai.

Ba zan koma ba. Aikin maza ne, ko na hukuma.

Talata, 4 ga Yuni

Na koma.

Laraba, 12 ga Yuni

Wake bai dahu da wuri ba, na fita a makare. Na tarar da su sun taru a bakin kwalta, sun fi talatin, ba wanda ya tsallaka. Wai Tanti suke jira. Har da manya biyu a cikinsu, ba kunya.

Ina shirya su biyu-biyu sai ga Assana da tirenta a ka, tana jan autanta. Ba ta gaishe ni ba. Ta tura shi gabana, da shi ta yi magana, ba da ni ba: "Riƙe zaninta. In ka saki sai na yanka ka." Ta juya ta tafi. Ban ce ta huce ba, ban san abin da ke ranta ba. Hannun yaron duk maiƙo, ya ɓata min zani.

Wata tankar mai ta taho a guje tana hon tun daga nesa. Na shiga tsakiyar titi na ɗaga mata hannu, na tsaya ina kallon direban ido cikin ido har ya taka birki. Ya buɗe baki zai yi zagi, na riga shi. Yaran suka wuce ta bayana, na ƙirga su, talatin da huɗu, cif.

Sai da na dawo gida ina tsane wake na tuna ban jira kowa ya fara shiga ba. Gwiwata ma ba ta yi rawa ba. Ina jin gajiya ce kawai, ko kuma haushin direban.

Har yanzu ina jin tsoro, kada takardar nan ta ɗauka wani abu ne. Gobe in jiƙa waken da wuri, kada su sake jirana.